Yadda ake zaɓen zango idan za a kai motar kwana gandayen dajin duwatsun Amurka

Motar da Amurkawa ke kira RV tamkar gida take a kan tayoyi, domin a cikinta akwai gado, da kicin, da banɗaki, da tankin ruwa, wani lokaci har da ɗan falo da ake turowa waje idan an tsaya. A nan za mu kira ta motar kwana, wuraren da aka keɓe mata domin tsayawa kuma mu kira su zango, kamar yadda fatake suka saba faɗa. Duk shekara daga watan Yuni zuwa Satumba irin waɗannan motoci kan cika hanyoyin manyan gandayen dajin gwamnatin tarayya da ke tsaunukan yammacin Amurka, irin su Yellowstone da Grand Teton a jihar Wayomin, da Glacier a Montana, da Rocky Mountain a Kolorado, da Yosemite a Kalifoniya. Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya fara da kallon hotuna, ya ga zango a bakin tafki da duwatsu a bayansa, ya biya kuɗi, sai ranar tafiya ya gane motarsa ba za ta shiga gurbin ba, ko ma ba a yarda ta bi hanyar da ke kaiwa can ba. A ƙasar duwatsu tsarin zaɓe a juye yake. Mota ce ke fara yanke hukunci, sannan hanya, sannan tudun wurin da yanayinsa, kyan gani kuma shi ne a ƙarshe.

Matakin farko shi ne awon mota, kuma da tef za ka yi shi, ba da abin da aka rubuta a takardar haya ba. Ka auna tsawonta daga bambar gaba zuwa ta baya, ka haɗa da duk abin da aka rataya mata, ko keke ne ko akwatin kaya. Ka auna faɗinta da madubai a buɗe, ka auna tsayinta daga ƙasa zuwa kan na'urar sanyaya ɗaki da ke bisa rufi, wadda mutane kan manta da ita har sai reshen bishiya ya tuna musu. Idan tirela kake ja da a-kori-kura, kana buƙatar lambobi biyu: tsawon tirelar ita kaɗai, da tsawon duka biyun a haɗe. Ka rubuta su da ƙafa, domin da ƙafa Amurka ke awo, ka liƙa takardar inda idon direba zai riƙa ganinta. Dalilin wannan tsanani shi ne yawancin zangunan cikin gandayen tsofaffi ne, an shata su tun zamanin da iyali ke zuwa da ƙaramar mota da tanti, saboda haka gurabensu gajeru ne, lungunansu matsattsu, bishiyoyi kuma sun girma sun rufe gefen hanya. Motar da ba ta wuce ƙafa 25 ba, wato wajen mita bakwai da rabi, kusan ko'ina takan sami wuri. Da zarar ta haura ƙafa 30 guraben sun fara ƙaranci, mai ƙafa 40 kuwa sai ya yi da gaske. Wanda zai yi haya ne kuma bai riga ya karɓi mota ba, shawarata ita ce ya ɗauki mafi ƙanƙanta da iyalinsa za su iya haƙuri da ita.

Mataki na biyu shi ne bin hanyar a taswira tun daga ƙofar gandu har bakin zango, kuma a nan ya kamata a fi ɓata lokaci. Misali mafi bayyana shi ne hanyar Going-to-the-Sun da ta ratsa gandun Glacier daga yamma zuwa gabas, ta haye mashigin Logan mai tudun mita 2,026. An sassaƙa ta ne a jikin dutse, aka buɗe ta a hukumance a 1933, kuma doka ta hana duk motar da ta wuce ƙafa 21 a tsawo ko ƙafa 8 a faɗi, har da madubai, bin sashenta na tsakiya, tsakanin Avalanche da Rising Sun. Motar da ta haura ƙafa 10 a tsayi ma tana iya gogar duwatsun da suka rufo kan hanya. Abin da wannan ke nufi ga mai zaɓen zango shi ne gandun ya rabu gida biyu. Wanda ya kama wuri a Apgar ko Fish Creek, kusa da tafkin McDonald a yamma, idan yana son komawa St. Mary ko Many Glacier a gabas da babbar mota, sai ya fita daga gandun ya kewaya ta babbar hanya mai lamba 2 da ke kudu, tafiyar da ke cin sa'o'i. Saboda haka ko dai ya raba kwanakinsa, wasu a yamma wasu a gabas, ya ware yini guda domin ƙaura, ko kuma ya ajiye motar a zango ya hau motocin bas na gandun, ciki har da jajayen nan masu buɗaɗɗen rufi da suke aiki tun shekarun 1930.

Ko inda doka ba ta hana ba, gangara kan hana. Hanyar Trail Ridge a gandun Rocky Mountain takan kai mita 3,713, mashigin Tioga da ake shiga Yosemite ta gabas yana da mita 3,031, mashigin Teton da ke yamma da garin Jackson kuma gangararsa takan kai kashi 10 cikin ɗari. Injin da ba shi da na'urar cusa iska yakan rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk ƙafa dubu da aka hau, don haka motar da ke gudu lafiya a fili sai ka ji tana nishi a hawa. Hawan ma bai kai saukar hatsari ba, domin wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa da mota mai nauyin tan biyar ko shida zai ji ƙauri kafin ya kai rabi, kuma birkin da ya yi zafi ba ya kamawa. Ƙa'idar direbobin manyan motoci ita ce a sauka da ƙaramar giyar da aka hau da ita, a bar inji ya riƙe motar, birki kuma a taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci a saki. Idan zanguna biyu suna gabanka, ɗaya a wannan gefen mashigi ɗaya a wancan, ka zaɓi wanda ba zai sa ka haye dutse da gidanka safe da yamma ba. Kada kuma ka dogara ga manhajar taswirar waya ita kaɗai, domin ba ta san tsawon motarka ba, kuma a yawancin sassan waɗannan gandaye babu sabis, don haka ka sauke taswirar tun kana gari, ka karɓi ta takarda a ƙofar shiga.

Daga nan sai tudun zangon kansa da lokacin da za ka je. Zangon Mammoth a arewacin Yellowstone yana wajen mita 1,900, Madison ya ɗan haura 2,000, Canyon da zangunan bakin tafkin Yellowstone kuma suna kusan 2,400. A Rocky Mountain, Moraine Park yana kusan mita 2,500, Timber Creek kuma ya fi shi. Waɗannan lambobi suna da tasiri a jiki. Da yawa daga mutanen da suka taso daga ƙasa-ƙasa suka kwana a mita 2,500 a daren farko sukan tashi da ciwon kai, da kasala, da rashin barci, saboda ƙarancin iskar numfashi. Maganinsa shi ne a jera zangunan daga ƙasa zuwa sama: daren farko ko biyu a wuri mai sauƙin tudu, sannan a hau, a riƙa shan ruwa da yawa. Idan akwai tsoho a tafiyar, ko mai ciwon zuciya ko huhu, ko mai cutar sikila, a nemi shawarar likita kafin a kama wuri, domin masu sikila musamman tudu yana iya tayar musu da ciwo. Sanyi kuma shi ne abu na biyu. A tsakiyar Yuli rana takan yi daɗi, amma da asuba ma'aunin zafi kan sauko kusa da sifili, a Yuni da Satumba kuwa dusar ƙanƙara ba abin mamaki ba ce. Hanyar Going-to-the-Sun ba kasafai ake buɗe ta gaba ɗaya ba sai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, Trail Ridge kuma daga ƙarshen Mayu zuwa wajen tsakiyar Oktoba. Kowane zango yana da ranar buɗewa da ta rufewa, kuma na sama su ke buɗewa a makare su rufe da wuri.

Mataki na huɗu shi ne ka yanke shawara a kan wuta da ruwa, wato ko za ka iya kwana ba tare da an jona maka komai ba. Zango cikakke shi ne wanda kowane gurbi yake da turken lantarki, da famfo, da bututun zubar da ƙazanta. Irin wannan a cikin gandayen ba shi da yawa. A duk faɗin Yellowstone, Fishing Bridge ne kaɗai ke da ukun duka, kuma ba ya karɓar tanti ko tirela mai bangon tamfol, sai mota mai ƙaƙƙarfan jiki, saboda yankin na beyar ne, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farce. A Grand Teton akwai na Colter Bay. A Glacier da Yosemite zangunan gwamnati ba su da wannan jonin, abin da za ka samu shi ne famfon tarayya, da banɗaki, da teburi, da murhun ƙarfe, sai kuma a wasunsu wurin zubar da tanki. Idan ka sami gurbi mai lantarki, ka duba ko na amfiya 30 ne ko 50, ka tabbata filogin motarka ya dace ko kana da mahaɗi.

Kwana ba joni lissafi ne kawai, kuma gara a yi shi a gida. Motar tana da tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanke-wanke da wanka, da na banɗaki. Matsakaiciyar mota takan ɗauki lita 100 zuwa 200 na ruwa mai tsabta, wanda ga iyali mai mutum biyar masu girki da alwala sau biyar a yini bai wuce kwana biyu ko uku ba, sai fa in ana cika buta a famfon zango, ana kuma amfani da banɗakin tarayya da rana. Batir shi ne ya fi ba da kunya. Na'urar ɗumama ɗaki da gas take aiki, amma fankar da ke hura ɗumin daga batir take ci, kuma a dare mai sanyi tana iya shanye shi kafin gari ya waye. Janareta zai cika shi, sai dai ba a ko'ina ko a kowane lokaci ake yarda a tayar da shi ba. A Yellowstone daga ƙarfe 8 na safe zuwa 8 na dare ne, a wasu zangunan ma an hana shi sam, a Glacier kuma an yanka lokacin zuwa 'yan sa'o'i da safe, da tsakar rana, da yamma. Faifan hasken rana yana taimakawa, amma ba a gurbin da itatuwan fir suka lulluɓe ba. Abu guda da ba a yi ko da sanyi ya kai ina shi ne shigar da kaskon gawayi cikin mota, ko barin murhun girki a kunne domin ɗumi, kamar yadda wasu kan yi a ɗaki lokacin hunturu. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma a rufaffen wuri kisa take yi. Tsarin da na fi ganin amfaninsa shi ne kwana biyu ko uku a cikin gandu ba joni, sannan dare ɗaya a zango cikakke domin a cika ruwa, a zubar da tanki, a yi wanki, a caja komai.

Wannan ya kawo mu ga tambayar ciki ko waje. Zangunan 'yan kasuwa suna garuruwan bakin ƙofa, irin su West Yellowstone, da Gardiner, da Cody, da West Glacier, da Estes Park. Mafi shahara a cikinsu na kamfanin KOA ne, wanda aka kafa a Billings ta jihar Montana a 1962. Suna da wuta da ruwa da wurin wanki da intanet, gurabensu dogaye ne, amma kuɗinsu kan ninka na gwamnati sau biyu ko fiye, motoci kuma a jere suke kamar a tasha. Babbar asarar kwana a waje ita ce lokaci. Yellowstone, wanda aka kafa a 1872 a matsayin gandun ƙasa na farko, babbar hanyarsa mai siffar lamba takwas tana da mil 142, gudu kuma ba ya wuce mil 45 a sa'a, garken ɓauna guda yana iya tsayar da kowa na rabin sa'a. Wanda ya kwana a Madison, inda kogunan Gibbon da Firehole suka haɗu, mil 16 ne tsakaninsa da maɓulɓular ruwan zafi ta Old Faithful, zai iya isa kafin layin ƙofar yamma ya motsa. Wanda burinsa ganin kerkeci a kwarin Lamar, inda aka dawo da su a 1995, sai ya nemi arewa maso gabas, domin da ketowar alfijir ake ganinsu. Akwai kuma zaɓi na uku da baƙi ba su cika sani ba, wato dazuzzukan gwamnatin tarayya da suka kewaye gandayen, kamar Bridger-Teton, da Shoshone, da Custer Gallatin, da Flathead. Zangunansu sun fi araha da shiru, a wasu sassan ma ana iya tsayawa kyauta har zuwa kwana 14 galibi, sai dai hanyoyin na tsakuwa ne, kuma ba a shiga da babbar mota sai an taka da ƙafa an ga inda za a juya.

Mataki na shida shi ne kama wuri, kuma shi ba ya son jinkiri. Yawancin zangunan gwamnati ta shafin Recreation.gov ake kama su, kuma da yawa ana sakinsu wata shida kafin ranar, da ƙarfe 10 na safe agogon gabashin Amurka. Mai son Yuli ke nan a Janairu zai zauna gaban kwamfuta, wanda yake Najeriya ko Nijar kuma ƙarfe 4 na yamma ne a wurinsa a wannan watan. Yosemite tsarinsa daban ne: ranar 15 ga kowane wata, da ƙarfe 7 na safe agogon Kalifoniya, ake sakin wata guda cur na zangunan kwarin, irin su Upper Pines da Lower Pines, kuma cikin 'yan mintuna suke ƙarewa. A Yellowstone kuma manyan zanguna biyar, wato Madison, Canyon, Bridge Bay, Grant Village da Fishing Bridge, kamfanin da ke gudanar da masaukan gandun ne ke kula da su a nasa shafin, yana kuma buɗe su tun shekara guda kafin lokaci. Ka buɗe asusu tun jajibiri, ka saka katin biya, ka rubuta lambobin gurabe uku ko huɗu da suka dace da awon motarka, domin idan ka tsaya zaɓe a lokacin wani zai riga ka. Ranakun tsakiyar mako sun fi sauƙin samu, haka ma makonnin bayan hutun ma'aikata na farkon Satumba. Wanda ya makara kada ya fid da rai, domin mutane suna sokewa, musamman a makonni biyu na ƙarshe. Ka lura kuma cewa kuɗin zango daban, kuɗin shiga gandu daban. Katin shekara da ke buɗe dukkan gandayen dala 80 ne ga mazauna Amurka, baƙi daga waje kuma tun farkon 2026 sun fi haka biya. Kowane gandu yana da iyakar kwanakin da mutum zai yi a damina, a wasu mako ɗaya, a wasu biyu.

Kafin ka danna biya, ka karanta bayanin gurbin shi kansa. Lambar tsawon da aka rubuta wani lokaci ta dandamalin ce, wani lokaci ta motar da aka yarda da ita, kuma ga mai tirela dole a san ko a-kori-kurar za ta sami wurin tsayawa a gefe. Akwai gurbin da ake shiga da baya, akwai wanda ake shiga ta gaba a fita ta gaba. Wanda bai saba ba da baya da doguwar mota ba ya nemi na biyun ko da ya fi tsada. Ka duba hoton ko akwai bishiya ko dutse a gefen da falon motar ke turowa, ko kuma dandamalin a karkace yake, domin firjin da ke aiki da gas ba ya son karkata, kuma za ka buƙaci katakai a ƙarƙashin taya. Gurbin da ke jikin banɗaki yana da sauƙi ga masu yara, amma ƙarar ƙofa da hasken tocila ba sa yankewa har tsakar dare.

Sauran batun beyar ne, wanda ke shafar yadda za ka zauna a duk zangon da ka zaɓa. A Yellowstone, Grand Teton da Glacier akwai baƙar beyar da kuma babbar mai tozo, a Yosemite da Rocky Mountain baƙar ce kaɗai, amma ita ma ta iya fasa mota. Hancinta ya fi na kare nesa ba kusa ba, kuma duk abin da ke da ƙamshi abinci ne a wurinta: daddawa, busasshen kifi, man gyaɗa, yaji, har da man goge baki, sabulu da turare. Ba a barin tukunya ko kwanon da ba a wanke ba a kan teburi, ba a zubar da ruwan wanke-wanke a gindin bishiya, kuma komai yana komawa cikin mota a rufe ko cikin akwatin ƙarfen da aka kafa a gurbi. A Yellowstone, Grand Teton da Glacier doka ta ce a bar yadi 100 tsakanin mutum da beyar ko kerkeci, yadi 25 tsakaninsa da ɓauna da manyan barewa, ko da su ne suka ratso cikin zango. Itacen wuta kuma a nan kusa ake saya, ba a kawo shi daga wata jiha saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi, kuma idan fari ya tsananta a Agusta ana iya hana kunna wuta ɗungurungum.

A ranar isowa ka yi ƙoƙari ka shiga zango tun rana na sama. A gandun Glacier a ƙarshen Yuni magariba ba ta yi sai bayan ƙarfe 9 da rabi, amma a cikin kwari inuwar dutse kan rufe wuri tun da sauran lokaci. Ka tsaya a bakin shiga ka cika tankin ruwa, ka karanta allon sanarwa, sannan idan ka iso gurbinka ka sauko ka zaga shi da ƙafa, ka ɗaga kai ka dubi rassa. Mutum ɗaya ya tsaya a baya ta gefen direba, inda ake ganinsa a madubi, ku yi yarjejeniya cewa da zarar ya ɓace daga madubin mota za ta tsaya. Bayan ta daidaita a sa katako a bayan taya, a turo falo, sannan a jona wuta idan akwai, a kuma gama duk wani aiki mai ƙara kafin ƙarfe 10 na dare, lokacin da dokar shiru ke farawa a yawancin zangunan har zuwa 6 na safe.